Abin da Baba Ya Ɓoye wa Likita

Na Maman Talha

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙon "Maman Talha kin bar mu a rataye", ku yi haƙuri, ni ma ina da miji da tukunya. Ke kuma baiwar Allahn da ta ce Sa'adiya ta cika sanyi, zo ki tsuguna a gaban surukinki ki faɗi abin da za ta faɗa yau, mu gani ko bakinki zai buɗe.

*

Sa'adiya ta laɓe a bayan madafi, waya a kunne, kamar wadda ta ɗauki abin wani. Har yanzu idonta na ganin abin da ta tarar da safe a bayan rumbu, lokacin da ta je ɗebo totuwar hura wuta. Wandunan Baba Ummaru ne, uban mijinta, a shanye ƙasa-ƙasa a jikin danga, inda ba wanda ya taɓa shanya a gidan. Kusa da su ga ledar buhun taki an farke ta an wanke. Duk wankin da suka sha bai hana zarni tashi ba.

Rahab ta ɗauka. Ƙawarta ce tun suna sakandare, yanzu nas ce a Malumfashi, kuma ita ta matsa musu tun farko su kai Baba babban asibiti a Zariya.

"Sa'a, ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Rahab, wata maƙwabciyarmu ce ta ce in tambaye ki wani abu."

"Ina ji."

"Wai in mutum na ciwon baya, sai kuma... sai kuma fitsari ya riƙa zubo mishi."

Hayaniyar asibiti na tashi a bayan Rahab.

"Sa'a, tun muna aji ɗaya ba ki iya ƙarya ba. Baba ne?"

Sa'adiya ta rufe fuska da gefen hijabi, alhali ba kowa a wurin sai kaji.

"Shi ne."

"Me likitan Zariya ya ce muku makon jiya? Faɗa min daidai."

"Ya nuna mana hoton. Ya ce ƙashin baya ne can ƙasa wajen tsatso ya matse jijiyoyin da ke sauka ƙafa, shi ya sa zafin ke bin cinyarsa har diddige. Za a yi aiki, a ɗan rage ƙashin, a buɗa wa jijiyoyin hanya. Ya sa mu a layi, sai watan gobe."

"Bai tambaye shi fitsari da bayan gida ba?"

"Ya tambaya."

"Bai tambaye shi ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba?"

"Ya tambaya, Rahab."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce lafiya lau."

"Wa ke ɗakin lokacin?"

Nan Sa'adiya ta zauna kan turmi. Ranar a asibitin Zariya, mijinta Abubakar Sadiq ya tafi neman musu abinci aka kira sunan Baba. Nas ta ce dole wani ya shiga da shi, ita kuma ga ta tsaye da filonsa a hannu. Ta bi shi ta rakuɓe a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Ta tuna yadda Baba ya ɗan waigo gefenta kafin ya amsa wa likita. A lokacin ta ɗauka wuyansa ne ya gaji.

"Ni ce," ta ce a hankali.

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Wayyo Allah. Sa'a, dattijo kamar Baba zai buɗe baki a gaban matar ɗansa ya ce yana jiƙa wando?"

Hawaye suka zubo mata. Kunya ce iri biyu ta haɗu ta danne ta, ta abin da ta gani a bayan rumbu, da ta sanin cewa tsayuwarta ce ta rufe wa bawan Allahn baki.

"Ki saurare ni," in ji Rahab, muryarta ta koma ta aiki. "Wannan ba maganar watan gobe ba ce. In jijiyoyin da ke riƙe fitsari suka fara mutuwa, aikin gaggawa ne. Yau za ku koma Zariya, ba gobe ba. In aka bari suka gama mutuwa, ko an yi aikin ba lallai su dawo ba. Har ƙafafun ma za su iya mutuwa."

"Innalillahi."

"Ina mijinki?"

"Ya kai waken suya Funtuwa tun asuba. Na kira, bai ɗauka ba."

"Ki ta kira. Kafin nan ki sami Inna."

"Rahab, da wane bakin?"

"Da wanda kike cin tuwon gidan. Tashi."

*

Inna Hansai, uwar mijinta, na zaune a tabarma tana ɓarar masara, daidai ƙofar ɗakin Baba. Labule a sake, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a ciki. Tun dawowarsu daga Zariya Baba bai ƙara zuwa masallaci ba, shi da a da ko da jan ƙafa sai ya je. Koko ma ya daina sha, ruwa sai ya kurɓa ya ajiye. Duk gidan an ce ciwo ne ya hana shi, kowa ya yarda.

Sa'adiya ta tsuguna nesa kaɗan, ta jawo masara ɗaya ta hau ɓara.

"Amarya, wake ya nuna ne kika baro shi?"

Shekara da shekaru a gidan, har da ɗiyarta Shafa'atu a makaranta, amma Inna ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai Amarya.

"Inna, na je bayan rumbu."

Hannun Inna ya tsaya cak. Ba ta ɗago ba.

"Totuwa ta ƙare a madafi ne?"

"Inna, na gani."

"Kin ga me?"

Sa'adiya ta kalli masarar hannunta, ta kalli ƙasa.

"Shanyar."

Inna ta waiga wajen labule, sannan ta matso har gwiwarsu ta kusa haɗuwa. Murya can ƙasa ta ce, "Ba ki ga komai ba. Kin ji ni? Ki tashi ki koma kan girkinki."

"Ashe kun sani, Inna."

"Wa kike zaton ke wankewa? Aljanu?"

"Tun yaushe?"

"Ke, ni kike yi wa tambaya?"

"Don Allah Inna, tun yaushe?"

Inna ta ja numfashi, idonta ya cika.

"Daren da za ku tafi Zariya ya fara. Ni na ninke tsohon zanina na sa mishi a cikin wando, don kar ya ji kunya a mota. Kafin nan sai ya daɗe a banɗaki abin ya ƙi fita. Yanzu kuma shi ke fitowa da kansa. Jiya ya ce min yana tsarki ba ya jin sanyin ruwan."

Ni Maman Talha na ce, oh ni, mutanenmu. Mu kwana da wuta a ƙarƙashin tabarma don kar maƙwabta su ga hayaƙi, mu ce tarbiyya ce.

"Inna, likita ya ce in aka ga irin wannan, ko tsakar dare ne a dawo da shi."

"Ai ba a gaya min ba."

"Ni aka gaya wa. Ni da Baba."

"To shi da jikinsa bai ce a koma ba, ke wace ce?"

"Na kira Rahab. Ta ce in aka kwana..."

"Kin kira wa?" Inna ta dafe ƙirji. "Kin kai maganar Malam waje? Amarya, tun ina yarinya ƙarama nake rufa wa mutumin nan asiri. Ko shekarar da fari ya cinye mana gona ba wanda ya ji a bakina. Shi ne ke da rana tsaka za ki ɗauki wandonsa ki kai Malumfashi?"

Rediyon ɗaki ya mutu.

Duk su biyun suka daskare.

"Hansai."

"Na'am, Malam."

"Da wa kike magana?"

Inna ta harari Sa'adiya, ta goge ido da bayan hannu.

"Amarya ce. Maganar masara muke."

"Masarar ce ke da wando?"

Sa'adiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tun da aka kawo ta gidan nan, tsakaninta da Baba gaisuwa ce kawai, a tsugune, ido a ƙasa. Ba ta taɓa cin abinci yana gani ba. In ta hango shi a zaure sai ta koma ta jira. Sunansa kuwa ko a bayan idonsa ba ta faɗa, har Ummarun maƙwabta Mai Sunan Baba take ce masa.

"Hansai, gaya mata ta tashi daga ƙofar ɗakina."

"Kin ji ai," in ji Inna.

Sa'adiya ba ta tashi ba. Ta juya wa labulen baya, ta fuskanci Inna, ta ɗan ɗaga murya yadda na ciki zai ji.

"Inna, ku gaya wa Baba, an ce yau ya kamata a koma."

"Hansai, gaya mata likita ya ce watan gobe, da kunnenta ta ji."

"Inna, ku ce wa Baba likita bai san komai ba ne ya faɗi haka."

"Hansai, tambaye ta, ita ta fi likitan sani?"

Inna na tsakiya, kanta na juyawa daga ƙofa zuwa suruka, ba ta isar da ko ɗaya ba. Ba ta ma buƙata.

"Inna, an ce jijiyoyin mutuwa suke. An ce in suka mutu ba sa dawowa."

Da Baba ya sake magana, muryarsa ta sauka, kamar da matarsa kaɗai yake.

"Hansai, kin tuna Isah na Dayi? Mai sayar da taki?"

"Na tuna, Malam."

"Aka kai shi aikin baya. Na je duba shi. Na same shi kwance, robar fitsari ta fito ta ƙarƙashin zani, jaka rataye a gindin gado, kowa ya shigo gaisuwa sai idonsa ya sauka a kanta. Ya riƙe hannuna ya ce, Ummaru, yarinya ce ta sa min, sa'ar ɗiyata ta uku. Mutumin da ke ɗaga buhun taki shi kaɗai. Yana kuka, Hansai. To ni ba za a yi min haka ba. In tafiya ce gara in tafi da mutuncina."

Inna ta sunkuyar da kai tana sharar hawaye. Sa'adiya ta ji tausayinsa ya kama ta, amma maganar Rahab na nan tana buga mata a kunne. Ta san in ta tashi yanzu, shi ke nan, gidan zai koma shiru, Inna za ta canza wurin shanya, gobe ta zo ta wuce.

Ta juyo ta fuskanci labulen.

"Baba."

Inna ta zabura ta damƙi hannunta.

"Ke! Kina da hankali?"

"Baba, ku yi haƙuri, da ku nake."

Ta zare hannunta daga na Inna.

"Baba, na san don ina tsaye ne kuka ce lafiya lau. Da ban bi ku ɗakin ba, da kun faɗa, da tuni an yi aikin. Tun safe nake jin kamar in mutu don kunya. Amma Baba, wanda ya je da wuri, robar ta ɗan lokaci ce, a cire ya tashi da ƙafarsa. Wanda ya tsaya ne ke dawwama da ita. In kuka zauna a ɗakin nan, abin da kuke gudu shi zai same ku, kuma ba na kwana kaɗan ba."

Muryarta ta karye, ta ci gaba a haka.

"Ni ba zan bi ku ba. Ku tafi da Inna da Abban Shafa. Ku ce a kira muku nas namiji. In ganina ne ba ku so, yau ɗin nan zan ɗauki Shafa mu tafi gidanmu, sai kun ce in dawo. Ko a hanya muka haɗu zan kauce. Ku dai ku je ku faɗa wa likita gaskiya."

Ku da kuke karantawa kuna kwance kan katifa kuna cewa ai ba wani abu ba ne, ku sani gumi ya jiƙa hijabin yarinyar nan sharkaf. A garinsu Ƙarfi, matar da ta yi wa uban mijinta maganar abin da ke cikin wandonsa, sai jikokinta sun ji labarin.

Gadon ƙarfe ya yi ƙara a ciki.

"Ɗiyar nan."

Karo na farko ke nan da ya yi mata magana ba ta bakin kowa ba.

"Na'am, Baba."

"Kin taɓa kayana?"

"Ban taɓa ba, wallahi. Gani kawai na yi."

"Kin gaya wa yaron nan?"

Yaron nan shi ne mijinta. Ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunansa.

"Ban same shi ba tukuna."

"To ki ji da kyau. Ni na je har gidanku na roƙi aurenki, don na ga ɗiyar mutunci ce. Ban san akwai ranar da za ki tsuguna a ƙofata ki tuɓe ni da bakinki ba. Kin gama da ni, ya isa. Amma in maganar nan ta kai kunnen yaron nan, in ya kalle ni da wannan idon, ban yafe miki ba. Duniya da lahira."

"Malam!" Inna ta ɗora hannu a ka. "Malam, janye, don Allah janye."

Sa'adiya ta kifa kai a gwiwa. Ba abin da take tsoro a duniya kamar wannan kalmar daga bakin babba. In ta yi shiru, ƙafafunsa. In ta faɗa, bakinsa. Ta rasa inda za ta sa ranta, sai kuka mara sauti.

Can daga waje aka ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida. Duk gidan an san ƙarar. Abubakar Sadiq ne ya dawo da wuri, yana amsa gaisuwar wani a zaure.

"Hansai, miƙo min sandata."

"Malam, ina za ka?"

"Miƙo min na ce. Tun da an ce na lalace, bari in fito a gan ni."

Aka yaye labule. Baba Ummaru ya fito dafe da sanda, farar jallabiya a jikinsa, hula a kai, fuskar nan a ɗaure. Kowane taku sai ya cije leɓe, ƙafar hagu na jan ƙasa, amma ya ƙi hannun Inna. Ya tako har tsakar gida, cikin rana, ya miƙe iyakar ƙarfinsa. Sa'adiya ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

"Salamu alaikum," in ji Abubakar Sadiq, ya shigo da ledar lemu a hannu. Ya ga uban a tsaye, fuskarsa ta washe. "A'a, Baba! Yau jiki ya yi kyau ke nan, har da fitowa?"

Sai ya lura da idon uwarsa. Ya lura da matarsa a durƙushe.

"Lafiya? Na ga kiranki rututu, ina kan hanya ne. Me ya faru?"

Sa'adiya ta kasa ɗagowa.

"Ba abin da ya faru," in ji Baba da ƙarfi, yana kallon bango maimakon ɗansa. "Mata ne da shirmensu. Ciwon baya a kaina aka fara? Ga ni tsaye da ƙafata. Watan gobe aka ce, watan gobe za mu je. Kowa ya kama aikinsa, masara na nan ba a gama ɓara ba, ku kun zauna kuna..."

Inna ce ta fara gani. Ta toshe baki da hannu biyu.

Gaban farar jallabiyar ya fara canza launi. Jiƙon ya faɗaɗa, ya gangara, ya sauka kan silifas ɗinsa, ya fara bin ƙasa a hankali wajen tabarmar masara. Baba na ta faɗa, yana nuni da sanda, bai san komai ba.

Ledar lemu ta suɓuce daga hannun Abubakar Sadiq.

Sa'adiya ta runtse ido ta juya kai bango, tana roƙon Allah a zuciyarta ya ɗauke ta daga wurin.

Baba ya ga ba mai kallon fuskarsa. Ya katse faɗan. Ya bi idon ɗansa da kallo, har ƙasa.



"Hansai," ya ce, da wata ƙaramar murya da ba su san shi da ita ba. "Ban ji ba. Wallahi ban ji fitowarsa ba."

Ya yunƙura zai juya ya koma ɗaki. Kafaɗarsa ta juya, sandar ta juya, ƙafafun suka tsaya inda suke. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Hansai, riƙe ni. Ƙafar ba ta ɗaguwa."